Gwiwar Dama

Duk wanda ya tashi a Sabo ta Ibadan, kamar yadda na tashi, kunnuwansa biyu ba abu ɗaya suke ji ba. Ɗaya yana jin kalangun mahauta da waƙoƙin Shata daga rediyon masu shayi, ɗayan kuwa yana jin gangunan Yarabawa da kiɗan juju da iska ke kwasowa daga gidajen bikin Mokola. A cikin wannan kiɗa na juju akwai wata murya da ta ɗaure mini kai tun ina ƙarami. Ba ta mutum ba ce, ba ta sarewa ba ce, ba kuma ta jitar da aka saba gani a rataye a wuya ba ce, domin ita ba ta tsalle daga amo zuwa amo. Zamewa take yi, kamar man gyaɗa a faranti idan an karkata shi. Sai da na yi hankali na san cewa jitar ƙarfe ce mai feda, kuma mutumin da ya fi shahara da ita a ƙasar nan shi ne Demola Adepoju na ƙungiyar Sunny Ade, wanda aka ji hannunsa a faifan Juju Music na 1982, har Paul Simon ya sa shi a faifansa Graceland na 1986.

Sanin suna daban, ganin abu daban. Ban taɓa ɗora ido a kan wannan jita ba sai a 2016, kuma ba nemanta na fita ba. Amfilifayar makarantar Islamiyyar unguwarmu ce ta ƙone, aka aike ni da ita wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ina tsaye ina jiran ya gama dubawa, sai na hangi wani abu a lungun shagon an lulluɓe shi da tsohon zane, mai ƙafa huɗu, na ɗauka keken ɗinki ne. Na tambaya cikin Yarabanci, tsohon ya dube ni, ya amsa da Hausa garau, irin ta mutanen Jos. Ashe a can da Kaduna ya yi ƙuruciyarsa yana kiɗa a otal-otal, kafin ya dawo kudu ya shiga wata ƙungiyar juju. Ya ɗage zanen. Daga ranar nake kiransa Baba, shi kuwa bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai Ɗan Sabo.

Bari in kwatanta wa mai karatu abin da na gani, don ba kowa ya san shi ba. Akwati ne siriri a kwance bisa ƙafafu, da tsirkiya 10 a miƙe a bayansa. Ba a danna tsirkiyar da yatsa. Wani guntun ƙarfe ne mai santsi da nauyi ake riƙewa a hannun hagu, a riƙa zamar da shi bisa tsirkiyoyin, a ƙarƙashinsu kuwa an zana layuka don ido ya san inda yake. A hannun dama ana sa farce 3, na roba a babban yatsa, na ƙarfe a biyun da ke biye. A ƙasa akwai feda 3 na ƙafar hagu, waɗanda ake kira A da B da C, ƙafar dama kuma tana kan wata feda mai faɗi da ke ƙara sauti ko rage shi. Sannan ga wasu 'yan sanduna 4 suna reto daga cikin akwatin, biyu sun sa gwiwar hagu a tsakiya, biyu ta dama. Su ne Baba ke kira liba. Kowace feda da kowace liba tana juya wani ƙarfe da ya gitta cikin akwatin, shi kuma ya ja wata siririyar sanda mai kama da wayar ƙafar keke, ita kuma ta ɗame tsirkiya ko ta sassauta ta yayin da take cikin kuka. Hannu biyu, ƙafa biyu, gwiwa biyu, duk suna aiki a lokaci guda. Baba ya ce direban tirela hutawa yake yi in aka gwada shi da mai wannan sana'a.

Asalin abin daga tsibirin Hawayi ne, inda a ƙarshen ƙarni na 19 wani saurayi mai suna Joseph Kekuku ya shahara da kwantar da jita a cinya yana zamar da ƙarfe a kanta, shi ya sa har Baba ya bar duniya Hawayan yake ce mata. A Amurka ne daga baya aka yi mata ƙafafu da feda. A 1954 aka ji Bud Isaacs a waƙar Slowly ta Webb Pierce yana taka feda alhali tsirkiya na kuka, sai kowane makaɗi ya shiga neman yadda zai yi haka. Buddy Emmons da Jimmy Day suka raba aikin fedar nan gida biyu, amma kowa ya jera nasa a kishiyar na ɗan'uwansa, kuma har yau masu wannan jita sun kasu bisa jerin mutanen nan biyu. Wannan ƙaramin tarihi ya isa ya nuna mini cewa ba a saukar da tsarin daga sama ba. Amma ɗan koyo ba ya ganin abin da ke gabansa.

Wata 3 na farko Baba bai bar ni na taɓa feda ba, balle liba. Ƙarfen hannu kawai. In ɗora shi daidai bisa layi, in kaɗa, in zame zuwa wani layin, in tsaya cak. Idan na wuce ko na gaza da faɗin gashi, sai ya ƙwanƙwasa tebur da sukudireba ba tare da ya ɗago kai daga rediyon da yake gyara ba. Bayan wannan sai koyon kashe sauti, wato ka kaɗa tsirkiya, kafin ka kaɗa ta gaba ka shaƙe ta farko da gefen tafin hannu, in ba haka ba sai muryoyin su cuɗe kamar kasuwar Bodija ranar da motocin tumatir suka iso. Tsirkiya ta 3 kuwa, wadda ta fi kowace siranta, kuma feda B ke ja da saki duk yini, ta tsinke ta zane ni a bayan hannu ya fi a ƙirga. Samun sabuwa a Ibadan sai an bi masu sayar da kayan kiɗa na coci-coci an tsinto mai kaurin da ya dace daga cikin na jitar lantarki.

Sai da na yi kusan shekara sannan ya buɗe mini abin da ke ransa. Ya ce juju ya yi ne don tuwo, amma abin da yake kaɗa wa kansa idan an tashi daga biki kowa ya kwanta, shi ne buluz, kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka. 'Yan gajerun lanƙwashe-lanƙwashen da ake yi a wannan kiɗa ba ya kiransu da komai sai magana. “Yau zan ba ka magana ɗaya,” haka yake cewa, “ka riƙe ta mako guda.”

Ga yadda ya tsara mini. Idan kiɗan a kan G yake, gidansa na farko shi ne layi na 3, ba feda ba liba, kuma a nan tsirkiya ta 9 tana ba ka amon nan na bakwai da aka sassauta, wanda ke sa kiɗa ya zama kamar tambayar da ba a amsa ba. Gida na biyu layi na 10 ne, da feda A da B a take. Idan ka ɗan ɗaga ƙafa daga A ka tsaya a rabin hanya, sai fuskar kiɗan ta ɓata, ka mayar ta washe. Idan ka koma baya layi biyu, zuwa na 8, ka taka B kaɗai, ka tura libar da ke sassauta tsirkiya ta 4 da ta 8 da rabin taki, sai ka sake samun wannan tambaya da wata murya mai kauri. Waɗannan duka na same su ba da wahala mai yawa ba, domin lissafi ne, kuma wanda ya iya haddar jadawali zai iya.

Layi na 6 ne ya kayar da ni. A nan, da feda A kaɗai, amon na uku yana ƙasa, kiɗan yana cikin baƙin ciki. Idan ka tura ɗaya libar, wadda ke ɗame tsirkiya ta 4 da ta 8 daga E zuwa F, sai amon ya hau rabin taki, kiɗan ya yi fara'a. To, Baba ya ce buluz ba ya nan, ba ya can. Yana tsakani. Sai ka tura libar a hankali, ka bar ta kafin ta kai inda za ta tsaya, ka riƙe ta a wurin da babu layi, babu suna, babu abin da zai tare maka gwiwa, sannan ka sake ta ko ka ƙarasa gwargwadon abin da kake son faɗa. Ni kuwa duk lokacin da na gwada, ko dai gwiwata ta wuce har ƙarshe ta buga ƙas, ko ta tsaya a inda sautin ke zama kukan kyanwa. Idan shi ya yi, sai ka ji muryar ta taso tana kumbura kaɗan, kamar mutumin da ya ja numfashi zai yi magana sai ya fasa.

Ranar da na fara jin ya yi wannan sosai, tsigar jikina ta tashi, domin na san muryar. A ɗakin kakata akwai wani goge a rataye, fatar guzan da aka rufe ƙoƙonsa ta tsage, izgar ta zube saura 'yan silalai. Na kakana ne. Ban riske shi ba, kuma a gidanmu ba a zancen sana'arsa, domin mahaifina ya sha gorin ɗan maroƙi tun yana makarantar allo, ya kuwa yi rantsuwa babu ɗansa da zai taɓa abin kiɗa. Amma kakata takan yi ɗan gunaguni idan tana tsince shinkafa, tana kwaikwayon yadda gogen ke kuka, kuma a wannan gunaguni akwai amon nan na tsakani. Ba abin mamaki ba ne: goge ba shi da layi, mai shi taɓa izgar kawai yake yi da yatsa, ya zame yadda ya so. Daga baya na karanta cewa W. C. Handy ya ba da labarin wani mutum da ya ji a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler a Misisifi, wajen 1903, yana goga wuƙa a tsirkiyar jita, kuma wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 ya danganta wasu siffofin buluz da kiɗan yankinmu na Sudan ta Yamma, har da gogen Hausawa. Ni dai ba na cikin masu cewa komai na duniya daga gidanmu ya fita. Abin da na sani shi ne kunnena ya gane muryar kafin kaina ya karanta komai, kuma saboda ita na ci gaba da zuwa shagon nan a ɓoye, ina ce wa gida darasin yamma nake zuwa.

Ana nan sai intanet ta shiga tsakanina da malamina. Na gano cewa masu wannan jita suna zana tsarin fedarsu da libarsu a jadawali, na kuwa tara su da yawa ina kwatantawa. Mafi yawan waɗanda na gani, musamman masu bin jerin Emmons, sun sa liba biyun nan na tsirkiya ta 4 da ta 8 a gwiwar hagu. Hujjarsu a fili take: feda A tana can hagu, idan ka karkata idon sawu ka taka ta, gwiwa da kanta take bin hagu, sai ta tarar da libar F tana jiranta, idan ka mirgina zuwa B, gwiwa ta dawo dama ta tarar da mai sassautawa. Ƙafa ɗaya, motsi ɗaya. A jitar Baba kuwa dukansu biyu a gwiwar dama suke, ƙafar da ke riƙe da fedar sauti, ta hagu kuma an bar mata waɗanda ba ya ko taɓawa. Nan take na yanke hukunci cewa na gano dalilin da ya sa layi na 6 ya gagare ni. Ba laifina ba ne, tsarin ne a karkace. Na ce a raina wani bakaniken da bai san kan abin ba ne ya harhaɗa wa tsoho jitarsa a baibai tun shekarun da babu mai tambaya, shi kuma ya saba da kuskure.

Da daminar 2018 aka yi wa Baba rasuwa a garinsu, zai yi mako 3. Rufin shagon yana yoyo, sai ya ce in ɗauki jitar in ajiye a ɗakin da nake haya a Agbowo. Amana ke nan. Daren farko na kife ta a kan katifa, na sami alanki da ƙaramar sifana, na kwance sandunan ɗaya bayan ɗaya na sauya musu wuri. Kwana 4 na yi ina fama, na ɓatar da sifirin guda, na lalata zaren wani sukuru, amma a ƙarshe liba biyun suka koma hagu. Kuma gaskiya ita ce abin ya yi mini sauƙi. Cikin mako guda na fara tsayar da gwiwa a tsakani, amon yana fita tsaf. Abu ɗaya na lura, kumburin nan mai kama da jan numfashi bai zo ba. Na ce wannan sai a hankali.

Da ya dawo na kai masa kayansa ina ta murmushi, na ce, “Baba, na yi maka wani ɗan gyara, zauna ka ji.” Ya zauna, ya sa farce, ya ɗora ƙarfe a layi na 6, ya taka A, ya tura gwiwar dama. Wata murya dabam ta fito. Ya sake. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin akwatin, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na shiga zuba bayani, ina nuna masa jadawali a waya, ina kiran sunayen manyan makaɗan Nashbil. Bai ce uffan ba. Ya gyara zama, ya taka A, ya yunƙura zai tura gwiwar hagu. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gwiwar ta yi rawa, libar ta motsa kamar faɗin yatsa ta dawo. Sau 3 yana gwadawa. Sannan ya tattare ƙafar wandonsa har cinya.

Shekara biyu ina ganin mutumin nan yana ɗingishi, ban taɓa tambaya ba, ban kuma taɓa haɗa ɗingishin da jitar ba. Tabo ne tun daga ƙoƙon gwiwa har tsakiyar ƙwauri, da sawun ɗinki. Ya ce a 1984 ne, suna dawowa daga wasa da asuba a hanyar Ore, motarsu ta faɗi, mutum biyu ba su tashi ba. Ƙafar ta warke har tana iya taka feda sama da ƙasa, amma turawa gefe ta ƙi har abada. Shi da kansa, yana kwance da sanda a gefensa, ya kife jitar ya mayar da liba biyun dama, ya yi shekara yana koya wa ƙafa ɗaya aikin biyu. Kuma tun da ƙafar tana kan fedar sauti, duk lokacin da ya tura gwiwa sai dugadugin ya ɗan motsa, sautin ya ƙaru kaɗan. Da farko ya yi ta yaƙi da wannan, daga baya ya bar shi, daga baya ya fara yi da gangan. Numfashin da nake nema ke nan.

“Ɗan Sabo,” in ji shi, “jitar Emmons ka gyara. Tawa fa, ina ka kai ta?”

Gwiwata ta yi sanyi, ba a karin magana kaɗai ba. Na durƙusa na ba da haƙuri, ya ce in tashi, ba a yi wa ƙarfe kuka. Gyaran gangar Auzinawa da na yi ya ci mana wata guda, domin ban zana yadda na tarar da sandunan ba kafin in kwance, kuma sukurun da na lalata sai da muka je kasuwar kayan mota ta Agodi wani mai walda ya ƙera mana madadinsa. Baba ba ya iya durƙuso, don haka ni ke kwance a ƙasan shagon da tocila a baki, shi yana zaune yana cewa rami na biyu, a'a, na sama da shi, ƙara juyi ɗaya. A wannan wata na san cikin jitar fiye da yadda jadawali dubu za su sanar da ni: inda aka ɗaure da wayar birki, inda aka lanƙwasa liba da wuta don ta dace da kaurin cinyarsa, inda gwiwa ta cinye fentin ƙarfe har ya yi ƙyalli. Bai sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Amma ya yi wata 2 bai ba ni sabuwar magana ba, ni ma ban roƙa ba.

Amon tsakani a gwiwar dama sai da ya ɗauke ni har ƙarshen 2019. Ba zan ce na kai shi ba. Nawa numfashin yakan fito da gaggawa, kamar na wanda ya yi gudu. Baba ya rasu a 2021, kuma kafin nan ya gaya wa iyalinsa a gabana cewa Hawayan ta Ɗan Sabo ce. Tana ɗakina yanzu. Gwiwata ta hagu lafiyarta ƙalau, tana zaune tsakanin liba biyun da ba kasafai nake taɓawa ba, kuma duk makaɗin da ya gwada zama a kanta sai ya ce mini an juya ta.

A 2023 mahaifina ya zo duba jikan da aka haifa masa. Ya ga abu a lulluɓe a lungu, ya tambaya ko maiɗakina ta fara ɗinki. Da na iya cewa e. Na ɗage zanen, na faɗa masa gaskiya tun daga amfilifayar Islamiyya. Fuskarsa ta ɗaure yadda na san za ta ɗaure. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na zauna, na rage sauti ƙasa-ƙasa, na ɗora ƙarfe a layi na 6, na taka A, na tura gwiwa na tsaya a tsakani. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, “Sake wurin nan.” Na sake. Bai ce komai ba, ya dubi agogo ya ce La'asar ta yi, ya miƙe. Na bi shi da takalmansa har bakin ƙofa. Yana sawa, ba tare da ya dube ni ba, ya tambaya ko tsohon ya bar 'ya'ya, kuma ko na tabbata sun yafe rabonsu a cikin ƙarfen nan.

Na ce sun yafe, Baba, a gabana aka yi.

Ya ce duk da haka in kai musu wani abu kafin azumi.